Tafiya Sakkwato Saboda Saifar Auta

Mun bar Illela bayan sallar asuba a cikin watan Afirilu, lokacin da bazara ta kai ganiyarta, mu huɗu a kujerar baya ta motar haya: ni, da ƙanwata, da mahaifiyarmu Inna, da yarinyar da saboda ita muka fito, wato autar ƙanwar tawa mai shekara tara, wadda duk gida muke kira Auta. Na sayi kujera ɗaya ta ƙari domin ta sami wurin karkacewa, saboda ta kai wata biyu ba ta iya zama daram sai ta jingina da ɓangaren dama. Duk ramin da motar ta faɗa tsakanin Illela da Gwadabawa, sai in ga ta ɗora tafin hannunta a ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu ta danne, ba ta ce uffan ba.

Ciwon ya kusa shekara yana tafe a hankali. Da farko abinci ne ya ragu, ta yi loma uku ko huɗu ta ce ta ƙoshi, har uwarta ta riƙa yi mata faɗa a kan tsirfa. Daga baya ta fara cewa tana jin nauyi a gefen ciki, wani lokaci kuma kafaɗarta ta hagu ta riƙa yi mata ciwo ba tare da ta ɗauki wani kaya ba. Ranar da uwarta ta lura da tudun da ya taso a ƙarƙashin haƙarƙarin, kowa a unguwa ya yanke hukunci da baki ɗaya cewa saifa ce, kuma ba a yi ƙarya ba, domin a ƙasarmu yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yawaita kama shi, ko mai amosanin jini, kumburin saifa ba baƙon abu ba ne a gare shi. Sau uku ana sayo mata maganin zazzaɓi a kemis alhali jikinta ba zafi. Sannan aka kai ta wurin wanzami ya yi mata tsaga bakwai a kan tudun, aka shafa magani. Ban ɗauki wanzamin a matsayin mugu ba, abin da ya gada ya yi, amma watanni huɗu muka ɓata muna jiran tsagar ta yi aiki, tudun kuwa yana ƙaruwa. Ana shirin yi mata sakiya ne wani ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti ya taɓa cikin, ya daɗe yana lalube, ya ce wannan bai yi masa kama da saifar zazzaɓi ba, ya rubuta mana takarda zuwa Sakkwato, ya kuma roƙe mu da kada a bari ƙarfe ya huda wurin.

Mun wuce Kware rana ta fara ɗagawa, muka haye gulbin Rima, muka sauka a tasha, daga nan keke napep ya kai mu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Muka yanki kati, muka bi layi a sashen yara.

Likitan da ya fara ganinta ya yi tambayoyin da a lokacin ban ga haɗinsu da juna ba. Ya tambayi ko tana da sikila, ko akwai mai ita a dangi. Ya tambayi ko ta taɓa faɗowa daga bisa, ko wani abu ya taɓa bugunta a ciki, ko da shekarun baya ne. Ya tambayi ko tana wanka a tafki, ko ta taɓa fitsarin jini. Daga ƙarshe ya tambayi ko muna da karnuka a gida, da kuma ko muna kusa da mahauta. Ya ga tabon tsagar, ya shafa shi da yatsa, bai ce mana komai a kai ba, kuma na ji daɗin wannan kawaicin domin Inna tana tsaye a wurin. Ya rubuta gwajin jini da hoton ciki.

Ɗakin hoton yana da duhu da sanyi. Aka kwantar da Auta, aka matsa mata wani mai mai kauri a fatar ciki, ta zabura saboda sanyinsa, sannan mai hoton ya ɗora kan na'urar yana zagayawa da shi a tsakanin haƙarƙari. A fuskar talabijin ɗin komai toka-toka ne, hanta da ƙoda da sauran kayan ciki duk kamar hazo, sai ga wani baƙin da'ira ya bayyana, gefensa sumul, kamar mutum ya leƙa bakin rijiya daga sama. Ya tsayar da hoton, ya ja layi daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce santimita 11. Ya nuna mini naman saifar da kansa, an tura shi ƙasa ya zama kamar jinjirin wata a gindin da'irar. Ya ce baƙin nan ruwa ne, domin a wannan na'ura ruwa baƙi yake fitowa, kuma abin da ke jikin yarinyar jaka ce cike da ruwa a cikin saifa. Aikin bai kai minti goma sha biyar ba. Na fito ina lissafin watannin da muka yi muna lalube a duhu, kuma har yau ra'ayina shi ne duk yaron da tudu ya fito masa a ciki, hoton nan ya kamata a fara nema kafin kowane magani, na gida ko na kemis.

Washegari aka haɗa mu da likitan tiyatar yara, mutum mai natsuwa da ke magana a hankali. Ya ɗauki takarda ya zana mana saifa, ya ce girmanta a jikin lafiyayye bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana ɓoye a bayan haƙarƙarin hagu kusa da tumbi, kuma ba a jin ta da hannu sai ta kumbura. Jakar da ta girma haka tana danne tumbi, shi ya sa loma uku ke ƙosar da yarinyar, tana kuma taɓa shimfiɗar naman da ke raba ƙirji da ciki, wanda jijiyarsa take da alaƙa da kafaɗa, shi ya sa ciwon yake fita a can. Ƙanwata ta sunkuyar da kai da ta ji haka, na san faɗan da ta riƙa yi a kan abinci take tunawa.

Ya ce irin wannan jaka ba kasafai ake ganinta ba, likita yana iya yin shekaru bai haɗu da ita ba, kuma iri uku ce. Akwai wadda ake haihuwar yaro da tushenta, tana da fata ta kanta a ciki wadda ke tsatsar da ruwa sannu a hankali, ita ce aka fi samu a yara. Akwai wadda ke biyo bayan bugu, inda jini ya taru a cikin saifa ya narke ya bar kogo. Ta ukun ita ce ta sa aka tambaye mu karnuka, domin wata irin ƙaramar tsila ce ke kawo ta, wadda ke zaune a hanjin kare, ƙwayayenta su fita ta kashinsa su gurɓata ciyawa da ruwa da hannun yara. Tumaki da awaki da raƙuma su ci, jakar ta fito musu a hanta ko huhu, idan kuma kare ya ci wannan naman sai tsilar ta sake tashi a cikinsa. Mutum yana faɗawa cikin wannan zagaye ne bisa tsautsayi.

Da ya faɗi haka sai na gane abin da yake nufi sarai, domin na sha gani da idona. Garinmu garin kasuwar dabbobi ne, kuma tun ina yaro nake ganin mahauta suna fiɗa su tarar da farar jaka mai ruwa a huhun raƙumi ko hantar tunkiya, su yanke wurin su jefa wa karnukan da ke kewaye da mayanka. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa da hannunsu suke mayar da cutar inda ta fito. Binne wannan nama ko ƙona shi ba ya cin kuɗi, kuma tun da na dawo ban fasa faɗa wa waɗanda na sani a cikinsu ba.

Inna, wadda ta yi shiru tun da muka shiga, ta gyara lulluɓi ta ce, "Likita, mi ka hana a huda wurin da allura, ruwan shi hito, mu koma gida?"

Ya juyo gare ta ya ce, "Inna, tambayarki tana kan hanya, kuma an gwada hakan a wurare da yawa. Matsalar ita ce fatar da ke cikin jakar kamar idon rijiya take, ko an kwashe ruwan yau, zai sake taruwa. Idan kuma ta tsila ce, ɗigon ruwanta da ya zuba a cikin ciki yana iya sa jiki ya rikice nan take har numfashi ya tsaya, ko ya shuka wasu jakunkunan a ko'ina. Shi ya sa ba za mu taɓa ta ba sai mun san wace iri ce."

Na tuna sakiyar da aka kusa yi, jikina ya yi sanyi.

Aka yi mata babban hoto, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura mai kama da zobe, suna kiransa siti sikan, bayan an yi mata allurar wani ruwa da ke haska jijiyoyin jini. Hoton ya nuna jaka guda ɗaya a saman saifar, babu ƙananan 'ya'ya a cikinta irin waɗanda ake gani a ta tsila, hanta da huhu kuma lafiya lau. Gwajin jini ya nuna ba ta da sikila, bai kuma nuna alamar tsilar ba. Likitan ya ce zato mafi ƙarfi ita ce wadda aka haife ta da ita, amma tabbaci sai an ciro an duba fatarta a ɗakin gwaji. Ya ƙara da cewa ƙaramar jaka da ba ta kai santimita 5 ba kuma ba ta damun yaro, yawanci ana barinta ne a riƙa bibiya da hoto, amma wadda ta kai wannan girma tana iya fashewa idan yarinyar ta faɗi a wurin wasa, ko ta yi jini, ko ta yi mugunya, don haka aiki ya zama dole.

A nan ne na faɗi abin da ke raina tun daga gida. Na ce masa tun da an ce mutum yana rayuwa ba saifa, a cire ta gaba ɗaya mana a huta, kada a yi aiki biyu. A wurinmu saifa ita ce tsokar da ba ta da daraja a teburin mahauci, ita ake ƙara wa mai saye gyara, kuma da wannan idon nake kallonta.

Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Malam, shekaru masu yawa likitoci ma haka suka ɗauka." Ya ba ni labarin cewa a shekarar 1867 wani likita a birnin Faris na ƙasar Faransa mai suna Péan ya cire wa wata budurwa saifa mai irin wannan jaka, ta kuma rayu, daga nan cirewa ɗungurungum ta zama al'ada. Sai a 1952 wasu likitoci biyu a Amurka, King da Shumacker, suka ba da rahoton jariran da aka cire wa saifa suka riƙa kamuwa da mummunar cutar da ke mamaye jini cikin gaggawa, wasu suka mutu. Daga nan aka fara gane aikin da wannan tsoka take yi. Ita ce rariyar jini: ƙwayar jini ja tana yin kwana wajen 120 tana aiki, idan ta tsufa saifa ce ke tsame ta. Ita ce kuma ke kama wasu ƙwayoyin cuta masu sulke a jikinsu, waɗanda ke kawo limoniya da sanƙarau, tana kuma taimakawa wajen tace ƙwayoyin jinin da zazzaɓin cizon sauro ya shiga. Yaron da ba shi da ita, zazzaɓin da zai kwantar da ɗan'uwansa kwana uku yana iya kai shi kushewa a yini ɗaya, kuma haɗarin ya fi tsanani ga ƙananan yara da kuma shekarun farko bayan aikin. Ya nuna taga da hannu, inda zafin rana ke tashi daga ƙasa, ya ce in duba inda yarinyar za ta koma da zama, ƙasar da sanƙarau ke zuwa da bazara, sauro kuma ya zo da damina.

Shirinsa shi ne ya yanke saman saifar tare da jakar, ya bar ƙasan, domin idan aka bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu na naman da jijiyarsa mai rai, yana iya ci gaba da aikin kariya. Ya ce akwai wata hanyar da ake yanke rufin jakar kawai a bar gindinta, har ta ƙananan huji da kyamara ana yi, tana da sauƙin warkewa, amma a yara jakar takan dawo saboda fatar da aka bari. Bai ɓoye mana ba cewa saifa nama ne mai taushi da yawan jini, idan jini ya ƙi tsayawa a tsakiyar aiki zai cire ta duka domin ceton rai, kuma sai mun sa hannu a kan yardar hakan. Saboda wannan yiwuwar ne aka yi mata alluran rigakafin limoniya da sanƙarau tun kafin aikin, aka ce mu koma gida mu dawo bayan mako biyu, domin jiki ya sami lokacin haɗa kariyarsa tun saifar tana nan cikakkiya. Aka hana ta guje-guje da hawan bishiya da ɗaukar tulu.

Kafin mu kama hanya Inna ta ce sai an kai ta Hubbaren Shehu. Muka je da la'asar, ta yi ziyara ta yi addu'o'inta, Auta tana zaune a inuwa tana riƙe da takardun asibiti a cikin leda.

Zuwanmu na biyu tare da mahaifin yarinyar muka yi, wanda ya dawo daga fatauci saboda haka. Aka ba ta gado, aka ce a tanadi jini leda biyu, na ba da ɗaya shi ya ba da ɗaya. Daga tsakar dare aka hana ta abinci. Da safe, da aka zo da gadon turawa, ta kama hannuna ta ce, "Kawu, za ka tsaya nan har in fito?" Na ce mata ko ƙofar ba zan bari ba. Inna ta dafa kanta ta ce, "Tahi ki dawo, kishiyata, Allah na tare da ke."

Awa uku da wani abu muka yi a kan bencin da ke gaban ɗakin tiyata. Ƙanwata ba ta ɗaga kai daga carbinta ba. Da likitan ya fito, hular aiki tana kansa, sai ya fara da cewa alhamdu lillahi, an bar mata fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ya kira ni da uban muka ga abin da aka ciro a cikin wani kwanon ƙarfe: jaka ce da aka zuƙe ruwanta ta saki kamar salkar da ta tsiyaye, cikinta fari mai sheƙi da zane-zane kamar saƙar igiya, da jan naman saifa manne a gefenta. Ya bayyana mana yadda aka yi. Babbar jijiyar da ke kai wa saifa jini tana rabuwa rassa kafin ta shiga, kowane reshe da yankin da yake shayarwa. Sai ya ɗaure rassan da ke zuwa sama, ya jira, cikin 'yan mintuna saman ya yi duhu, ƙasan ya ci gaba da zama ja, layi ya fito a tsakaninsu kamar an zana, ya bi wannan layin ya yanka. Ya ɗinke bakin, ya lulluɓe shi da kitsen nan da ke rufe hanji domin ya taimaka wajen tsayar da jini. Leda ɗaya kawai aka ƙara mata. Na daɗe ina tunanin wannan layi, yadda Allah ya tsara tsokar gida-gida har ya yiwu a ɗauke wani sashe a bar wani da ransa.

Kwana biyun farko sun yi wuya. Tana kwance da ƙarin ruwa a hannu da wata 'yar roba a gefen ciki mai fitar da ragowar ruwa, tana kukan ƙishirwa, ma'aikatan jinya suna cewa a jiƙa mata leɓe kawai. Kowace safiya sai sun tambayi ko ta yi tusa, domin ita ce alamar hanji ya farka. A rana ta biyu da yamma aka ba ta ruwa cokali-cokali, a ta uku ta sha kunu, aka cire robar, aka sa ta taka daga gado zuwa ƙofa tana dafe da uwarta. A rana ta bakwai aka sallame mu da sharuɗɗa: ta kwana a gidan sauro kullum, ta sha maganin da aka rubuta mata har ya ƙare, kada ta yi wasan tsalle na wata uku, kuma duk ranar da jikinta ya yi zafi a kai ta asibiti a ranar, kada a tsaya gwajin maganin kemis.

Bayan mako shida muka dawo, ni da ita kaɗai, damina ta riga ta sauka, gero ya tsiro a gonakin da ke gefen hanya. Sakamakon ɗakin gwaji ya fito, ya tabbatar da cewa jakar mai fata ce irin wadda ake haihuwa da ita, babu tsila, babu alamar ciwon daji. Aka sake kai ta ɗakin nan mai duhu, wannan karon ba ta zabura da sanyin man ba. Baƙin da'irar babu shi. Mai hoton ya nemo guntun saifar a ƙarƙashin haƙarƙari, ya danna wani maɓalli, sai ga launin ja da shuɗi suna wasa a cikinsa, ya ce jini ne ke shiga yana fita. Likitan ya rubuta mana ranar dawowa bayan wata shida domin a sake dubawa.

A hanyar komawa direba ya tsaya a Kware, na saya mata fura da nono a wurin wata Bafulatana. Ta zauna daram a kujerarta, ba ta karkace ba, ta shanye ƙwaryar har ta kanne ludayin, sannan ta ɗago ta ce, "Kawu, a ƙaro mini."